Hantar Malam Kashim

Hannun Malam Kashim na cikin jakar matarsa har gwiwa lokacin da ya ji motsi a tsakar gida. Ya tsaya cak, ya kasa kunne. Ashe akuya ce take tura kwanon wanke-wanke. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ci gaba da lalube.

Tsohon hedimasta ne fa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zane yaran unguwar Gomari a kan satar alli da biro, ga shi yau da rana tsaka yana sanɗa a ɗakin Hajja. Amma ba halinsa ba ne, ƙirjinsa ne ya kai shi. Tun asuba wani zafi yake taso masa daga ciki zuwa maƙogwaro kamar ya haɗiyi garwashi, kuma ya san a cikin jakar nan akwai kwalbar maganin gyambon ciki da ƙanwar Hajja ta kawo mata daga Makka. Ciwonsu ɗaya shi da Hajja, likita ɗaya ya faɗa musu. Ita tun da ta fara shan nata take cin naman danderu da yaji, ta kora da shayi mai citta, ta yi barcinta har da minshari. Shi kuwa kullum sai ya haɗiyi wanda yake saya a kemis ɗin Cyprian, amma kamar yana jefa tsakuwa a rijiya. Duk ranar da ya roƙe ta ƙwaya ɗaya sai ta ce saura kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ya ga azumi ya ga sallar layya bai ƙare ba, kuma mutumin da ya koyar da lissafi bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa dalili ba.

Ya zaro kwalbar, fara sol da rubutun Larabci. Wata baƙar leda ta biyo hannunsa. Da ya kwance ta sai ga katunan kafso, duk an ɓalle ƙwayoyin, a bayan kowanne da zanen shuɗin biro irin wanda Cyprian yake yi wa mai saye don ya san safe da dare. Malam Kashim ya buɗe kwalbar ya zazzago a tafinsa. Ya ciro nasa katin daga aljihu ya kara. Rabi ja, rabi ruwan ƙasa, har 'yan haruffan da ke jiki iri ɗaya.

"Malam, me ka ɓatar a jakata?"

Hajja ce tsaye a bakin ƙofa, ta dawo daga maƙwabta, lafayarta tana tashin turaren wuta. Ya kamata ya ji kunya, kuma ya ji, sai dai ita ma da idonta ya sauka a kan ledar nan sai ta kama gyara lafaya da ba ta zame ba.

"Hajja, mene ne wannan?"

"Magani ne."

"Na ga magani ne. Na ina?"

Ta shigo ta zauna a kan darduma, ta miƙe ƙafa. "Na Makka ya ƙare da daɗewa. Wurin Cyprian nake saya in na dawo daga kasuwa."

"Shi ne kike juye shi a kwalbar Larabawa?"

"Kwalbar tana da kyau," in ji ta. "Kuma na riga na gaya wa matan unguwa na Makka nake sha. Sai in koma in ce musu na Gomari ne?"

"To ni da nake roƙonki fa?"

"Da na ba ka ai da ka gane. Kai ba ka iya ganin abu ka yi shiru ba."

Malam Kashim ya zauna a bakin gado. Gaskiya ta faɗa, bai iya ba, kuma abin da ya jawo ke nan. Shekaranjiya a majalisarsu ta gindin dogon yaro, da aka miƙo masa kofin shayi ƙirjinsa ya hana shi karɓa, haushi ya kwashe shi ya ce maganin Cyprian garin alli ne. Bai tsaya nan ba, sai da ya kawo hujja kamar yana gaban allo: gida ɗaya, tukunya ɗaya, ciwo ɗaya, mai shan na Makka ta warke, mai shan na Cyprian yana nan jiya i yau. Da wani ne ya faɗa, da an yi dariya an wuce. Amma rabin mazan da ke zaune a wurin shi ya koya musu abacada, kuma babu wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. Jiya da ya wuce ta gaban kemis ɗin bai ga kowa a kan benci ba. Da yamma kuma Bulama, mai unguwarsu, ya tare shi ya ce zai kira Cyprian ya ji ta bakinsa, har samarin da ke gadin unguwa da gora suna tambaya ko a shiga a bincika shagon.

Cyprian kuwa tun yana saurayi ya zo Maiduguri daga Gabas, yanzu ga furfura har a gira. Da gari ya rikice, 'yan uwansa suka yi ta loda kaya a manyan motoci, shi ya tura matarsa Chinyere da yara gida, ya zauna. A kwanakin da aka hana fita, ta tagar baya yake miƙo wa mutane maganin zazzaɓi. Ba shi da gida a garin nan, ba shi da dangi, sunansa kawai yake da shi. In sunan ya ɓaci babu sauran abin da zai riƙe shi, kuma Malam Kashim ne zai zama wanda ya kori mutumin da bom bai kora ba.

Da ya gaya wa Hajja, sai ta tafa hannu ta kama baki.

"Innalillahi! Kai ne ka fara maganar nan? Ni da na ji ta a gidan suna cewa na yi maƙiya ne."

"Ke kika sa ni."

"Ni na je majalisa?"

Ya juya kafson a tafin hannunsa.

"Tashi ka je ka ba shi haƙuri," in ji Hajja.

"In ce masa me? In maganin na ƙwarai ne, don me bai yi mini aiki ba? Ko dai ke ƙarya kike kin warke, ko ni ƙarya nake ina ciwo."

Nan matsalar take. Malam Kashim zai iya ba da haƙuri, amma ba zai iya ba da haƙurin da ba shi da bayani ba. Hajja ta san mijinta, don haka ta miƙe ta karɓe kwalbarta, ta ce, "Je ka tambayi 'yar Japan ɗinka."

Rahmat take nufi, autarsu, wadda take shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna, ana kuma tura su wani asibiti a cikin gari suna koyon aiki. Tun da aka ba ta batun da za ta gabatar a gaban malamanta, wai yadda hantar mutanen Japan take sarrafa magani, uban bai bar ta ta huta ba. Mutanen Bama da na Gwoza sun cika gari ba su da ko na ciwon kai, in ji shi, ita kuma tana can tana leƙen cikin mutanen da ba su san da zamanta ba. Ya sa mata suna 'yar Japan, sunan ya bi ta har gidan yayyenta. Yau ga shi ya saka babbar riga, ya kafa hula, zai je neman ilimi a wurinta.

Ya hau Keke Napep, don babur an daɗe da hana shi a garin. A shingen sojoji suka sauka suka taka da ƙafa, suka sake hawa a gaba. A ƙofar asibiti kuma mai gadi ya sa kowane namiji ya ɗage rigarsa a ga cikinsa. Malam Kashim ya tattare babbar riga har hammata, ya tsaya da 'yar singileti a gaban jama'a, yana kallon sama kamar abin bai shafe shi ba. Kowa ya saba, amma shi har yau bai saba ba.

Layin tagar karɓar magani ya kai har ƙarƙashin bishiya, yawanci mata ne 'yan gudun hijira da goyo. Ya aika aka kira ta. Rahmat ta fito da farar riga a kan hijabinta, fuskarta a tsorace.

"Baba, lafiya? Hajja ce?"

"Lafiyarta ƙalau. Ta fi kowa lafiya, shi ne ma abin da ya kawo ni."

Suka zauna a wani benci na baranda. Ya shimfiɗa hankici, ya ajiye katinsa da ƙwaya ɗaya da ya ɓoye daga kwalbar Hajja, ya ba ta labarin kwalbar. Rahmat ta yi dariya har da hawaye, sai da ya harare ta sannan ta nutsu.

"Ba dariya na zo ki yi ba. Yaya magani ɗaya zai warkar da mace ya ƙi mijinta?"

Ta dube shi da gefen ido. "Baba, ka tabbata kana son ji? Amsar ta bi ta Japan fa."

"Ko ta Sin ta bi, faɗa mini."

Ta gyara zama. Ta ce duk maganin da mutum ya sha, hanta ce take narkar da shi ta fitar da shi daga jini, kuma akwai wasu sinadarai a cikinta masu yin wannan aikin. Ƙarfinsu gado ne, kamar tsawo ko hasken fata, rabi daga uwa rabi daga uba. Wannan maganin na gyambon ciki, akwai sinadari guda da ya fi ɗaukar nauyinsa.

"Kamar injin markaɗe ne, Baba. Na wani yana ja a hankali, na wani kafin ka juya ya gama. A Japan sun auna mutanensu da yawa, suka ga kusan mutum ɗaya cikin biyar nasa injin da ƙyar yake motsi. Irin waɗannan in sun sha, maganin yana daɗewa a jininsu, sai ya yi musu aiki sosai."

"Wato mai lalataccen inji shi ne da riba."

"A wannan maganin dai. A wani kuma shi ne a wahale, don maganin zai taru ya yi masa yawa. Mu nan masu jinkirin ba su kai na Japan yawa ba, amma akwai su. Akwai kuma masu saurin da ya wuce misali. Wataƙila Hajja tana cikin na farko, kai kuma..."

"Uwarki ce 'yar Japan ashe, ba ke ba."

"Ni dai ban faɗa ba."

"Ni kuma hantata tana cinye maganin tun bai isa wurin aiki ba."

"Yadda kake gama burabusko kafin a kawo nama," in ji Rahmat, ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙa mata hannu, ya naɗe hannun riga. "To ɗebi jinin ki auna, in tafi da takarda."

"Ba mu da na'urar a nan, Baba. Shi ya sa nake karanta na Japan, su sun auna nasu sun rubuta. Namu kaɗan aka auna."

"Ke nan ba ki tabbata ba?"

"Ban tabbata ba. Zai iya zama hantar ce, zai iya zama wani abu. Yaushe kake shan sa?"

"In na ci na ƙoshi."

"Kafin abinci ake sha. Goro fa?"

"Goro ba abinci ba ne."

"Baba." Ta girgiza kai. "Gobe ka zo ka ga likita, akwai wani irin da hanta ba ta saurin cinyewa, zai iya canza maka. Abu ɗaya kawai zan iya rantse maka a kai: kafson nan ba jabu ba ne, tunda da shi Hajja ta warke."

Ya naɗe hankicinsa a hankali, ya daɗe yana daidaita kusurwoyin. Rahmat ta zuba masa ido. Ta san ba ciwon ƙirji ne zai sa ubanta ya ƙetare gari ya ɗage riga a gaban jama'a ba.

"Baba, me ka yi?"

Ya faɗa mata. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Oga Cyprian?" ta ce a hankali. "A shagonsa fa na fara karanta sunan magani. Shi yake ɗora ni a kan kanta in na dawo daga firamare."

Kunya ta rufe Malam Kashim, irin wadda bai ji ba ko a ɗakin Hajja. Ya tashi bai ko yi sallama sosai ba.

A hanyar komawa ya ga gara ya gwada bayanin a kan mai keken, don malami ba ya shiga aji bai shirya darasi ba. Mai keken, wani magidanci da ya ce sunansa Madu, ya saurara da kyau yana gyaɗa kai, har ya rage gudu a wurin injin markaɗe.

"Gaskiya ne, Baba," ya ce da aka gama. "Ai kayan Japan daban ne. Ka ga injinsu ba ya mutuwa, to ina ga hantarsu."

"Ba haka na ce ba."

"Na gane, Baba. Original ce."

Malam Kashim ya juya yana kallon titi. In haka darasin zai tafi, akwai aiki a gabansa.

Tun daga bakin layi ya hango hayaƙi, baƙi, mai warin roba. A shekarun nan hayaƙi ba ya tashi a banza. Ya sauka ya ɗaga ƙafa. Shagon yana nan lafiya, amma a filin da ke gefensa mutane sun yi da'ira, mata daga nesa, maza daga kusa. A tsakiya Cyprian ne tsugune da sanda a hannu, galan ɗin kananzir a gefe, yana tura kwalaye cikin wuta. Katunan kafso suna nannaɗewa suna ƙara, ja da ruwan ƙasa suna komawa baƙi.

"Kun gani ko?" wani ya ce a bayan Malam Kashim. "Da hannunsa yake ƙonawa. Ashe ya sani."

"Allah ya saka wa Malam," in ji wani. "Da ba don shi ba da muna nan muna shan alli."

Aka buɗa masa hanya da girmamawa, abin da ya fi zagi ciwo. Ya isa bakin wutar.

"Cyprian! Me kake yi haka?"

Cyprian ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, ko hayaƙi ne ko wani abu. "Malam Kashim, wushe, sannu da zuwa. Ka zo daidai, saura kwali ɗaya." Ya jefa shi kafin Malam Kashim ya kai hannu.

"Maganin nan lafiyarsa ƙalau!"

"A'a, Malam, kar ka lallashe ni." Ya tura wutar da sanda. "Direban da yake kawo min kaya daga Kano, tun da aka tare su a hanyar Damaturu ya ce ya daina. Wannan a hannun sabon mutum na saya. Na duba lamba, na duba kwanan wata, ban ga komai ba. Amma da aka ce kai ne ka faɗa, sai na ce shi ke nan, an cuce ni, ni ma na cuci mutane. Tun ina saurayi nake garin nan, ban taɓa jin ka faɗi abin da ba haka ba."

Malam Kashim ya kalli kwalin yana cin wuta. Da Cyprian ya zage shi, ko ya kai ƙararsa wurin Bulama, da ya san yadda zai yi. Wannan kuwa bai shirya mata ba.

"Don me ba ka zo ka tambaye ni ba?" ya ce da ƙyar.

"Kai ka zo ka tambaye ni?"

Babu faɗa a muryar, tambaya ce kawai. Malam Kashim ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a gefensa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya fara da jakar Hajja, ya bi ta kwalbar Makka, ya shiga asibiti, ya isa Japan. Wannan karon darasin ya tafi daidai, don mai sauraron ya san magani. Cyprian ya saki sandar.

"Hajja tana juyewa a kwalba?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Shi ya sa take cewa in sa mata a baƙar leda." Ya kalli tokar. "Na sha gani, Malam. Mutum biyu su sayi abu ɗaya, wannan ya dawo da godiya, wancan ya dawo da faɗa. Da wani ne ya yi ƙorafi, da na ce jikinsa ne. Amma hedimasta?"

"Hedimasta ma yana da hanta."

"To, ni na ji." Ya nuna mutanen da suka fara watsewa, kowa ɗauke da labarin da zai kai gida. "Su fa? Sun ga wuta da idonsu. Kuma da safe na kira Chinyere, na ce mata ƙarshen wata ina hanya. Shekara nawa tana roƙona. Waƙar coci ta dinga yi min a waya."

Ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya ɗauki galan ɗinsa ya nufi shago. Malam Kashim ya rage a tsugune gaban toka. Daga masallacin da ke tsallaken titi aka kira sallar la'asar.

Ya yi alwala, ya bi sahu, amma Allah ya sani hankalinsa ba ya kan sallar nan. Da liman ya sallame, kafin mutane su fara neman takalma, sai ya matsa wurin ladan ya miƙa hannu. Ladan ya ba shi makirfo ɗin yana kallon fuskarsa. Malam Kashim ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ƙarar ta fita ta lasifikar da ke saman rufi, masallaci ya yi tsit. A shekarun nan in aka ƙwanƙwasa makirfo bayan salla, kowa ya san sunan wani za a kira da lokacin jana'iza. Har a cikin gidaje mata sukan ajiye muciya su saurara.

"Jama'a, salamu alaikum. Ba mutuwa ba ce."

Aka saki numfashi a tare.

"Kashim ne, tsohon hedimasta. Shekaranjiya na faɗi magana a kan maganin Cyprian mai kemis. Na ce jabu ne. To ba jabu ba ne, ni ne na yi kuskure." Abin da zai biyo baya ya san sai ya biya shi a gida, don lasifikar nan tana kaiwa har ɗakin Hajja da ɗakin kowace ƙawarta. "Maganin da iyalina take sha, wanda ta warke da shi, wanda na ce muku daga nesa ya zo, a shagon Cyprian take saye. Kwalba ce kawai ta zo daga nesa."

Wani a sahun baya ya tuntsire, aka zungure shi.

"Abin da ya ƙona yau magani ne mai kyau. Ya ƙona ne don ya yarda da maganata fiye da yadda ya yarda da kayansa. Yanzu za ku ce, to don me bai yi mini aiki ba? Ku saurara da kyau. A ƙasar Japan..."

Liman ya yi gyaran murya. Malam Kashim bai kula ba, ya riga ya shiga aji. Ya yi musu injin markaɗe, ya yi musu gadon uwa da na uba, ya yi musu mutum ɗaya cikin biyar. Ya ce ba a auna tasa ba, don babu na'urar, amma 'yarsa tana zaton tana cikin masu gudu. Tun ana murmushi a ɓoye har aka koma dariya a fili, tsofaffin ɗalibansa suna rufe fuska da hula. Ya ga Bulama yana girgiza kafaɗa a sahun gaba. Ya san daga yau har ya mutu ba za a sake miƙa masa kofin shayi ba tare da an tambayi lafiyar hantarsa ba. Ya ci gaba har ya kai aya.

"A taƙaice, jama'a, laifin ba na kemis ba ne. Hantata ce mai gaggawa, bakina kuma ya fi ta. Wassalamu alaikum."

Ya miƙa wa ladan makirfo, ya nemi takalmansa, ya fita yana amsa gaisuwar masu dariya da kai. Ƙirjinsa yana ci kamar da safe.

A tsallaken titi Cyprian na zaune a kan bencin gaban shagonsa, da buta a hannu, yana wanke baƙin toka daga yatsunsa. Bai ɗago ba har Malam Kashim ya zauna a ɗaya gefen. Wata mata ta zo wucewa da yaro a hannu, ta rage tafiya, ta leƙa shagon, ta ce a ba ta na tari. Cyprian ya shiga ya ba ta, ya yi mata zanen biro, ya dawo ya zauna.

"Ka ji?" in ji Malam Kashim.

"Na ji. Har unguwar Maisandari ma sun ji." Ya yarfe hannunsa, ya goge a jikin wando. "Amma lasifikarku ba ta kai Gabas ba."

Ya ciro waya daga aljihun riga, ya latsa, ya saurara har ta fara ringi, sannan ya ɗora ta a tafin Malam Kashim.

"Ni ba zan iya gaya mata na fasa tafiyar ba. Kai ka fara, kai za ka ƙarasa."

Malam Kashim ya kalli wayar, ya kalli abokinsa, wanda ya kau da kai yana kallon titi. Daga can nesa muryar mace ta amsa, cike da murna, tana kiran sunan mijinta. Ya gyara hularsa, ya kai wayar kunne.

"Madam Chinyere, Kashim ne, daga Gomari. A'a, lafiyarsa ƙalau, ga shi a kusa da ni. Ki samu wuri ki zauna tukuna, maganar tana da ɗan tsawo. Daga Japan za mu fara."